Idan Baƙo Ya Ce Shafinka Ya Kai Shi Wani Wuri, Ka Yarda Da Shi

Ya ku ƙannena, samari da 'yan matan Briqueterie da kuka kama sana'ar gina shafukan intanet.

Unguwarmu ta daɗe da yin suna a Yaounde da teloli, da masu shadda da atamfa, da masu tsiren da ake tasowa daga nesa a ci, da babban masallacin da ke cika har kan titi ranar Juma'a. Yanzu ga ku kun ƙaro mata wata sana'a. Ku ke gina wa tela shafin da zai nuna ɗinkinsa, ku ke yi wa masu shirya tafiyar Hajji da Umara da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin unguwa. Ina murna da wannan ƙwarai, shi ya sa nake so in ja hankalinku kan wata cuta da ke kama shafuka, wadda ke iya zubar da mutuncin mai shago da na wanda ya gina masa shafin a lokaci guda.

Ga yadda takan fara. Alhajin da ka yi wa aiki zai kira ka ya ce, "Ɗana, wata Hajiya ta ce ta nemi shagonmu a Google, ta latsa, sai ta tsinci kanta a shafin caca." Ka buɗe kwamfutarka, ka rubuta adireshin, komai lafiya lau. Ka sake, lafiya lau. Sai ka ce, "Alhaji, wayarta ce ke da matsala." Wanda ya yi kutsen ya tsara aikinsa ne daidai don ka faɗi haka. Nasihata duka a kan wannan gaɓa take: mai shafi shi ne mutum na ƙarshe da ake bari ya ga ɓarnar, saboda haka idon baƙo ya fi naka gaskiya a nan, kuma aikinka shi ne ka koyi shiga shafinka kamar yadda baƙo ke shiga.

Ku ɗauka wani ya samu wuri a bakin ƙofar shagon tela. Idan maigidan ya zo, sai ya rusuna ya gaishe shi ya ba shi hanya. Idan maƙwabcin da ya saba zuwa ne, nan ma ya ƙyale shi. Amma da ya ga baƙuwar fuska tana tambayar shagon, sai ya kama hannunta ya ce "ta nan ne," ya kai ta lungun da abokansa ke jira. Tela zai iya shafe watanni yana mamakin raguwar ciniki bai taɓa ganin an ja kowa ba.

Haka umarnin da masu kutse ke dasawa yake aiki. Kafin ya karkatar da mutum yana duba wasu abubuwa. Daga ina ya fito, daga Google ko Facebook, ko da hannunsa ya rubuta adireshin? Da waya ya zo ko da kwamfuta? Ya shiga da kalmar sirri a matsayin mai gudanar da shafin? An taɓa karkatar da shi a baya? Domin wannan na ƙarshe, sukan ajiye wata 'yar alama da ake kira kuki a burauzar baƙon, don kada abin ya maimaitu ya yi zargi. Wasu ma sukan rubuta lambar IP ta duk wanda ya taɓa shiga a matsayin mai gudanarwa, su daina nuna masa komai. A watan Maris na 2024 kamfanin tsaro na Sucuri ya bayyana wata cuta mai suna Sign1 da ta kama shafuka sama da 39,000 cikin wata shida. Tana duba ko baƙo ya fito daga Google, Facebook, Yahoo ko Instagram, in ba haka ba sai ta yi lamo. Wanda ta kama kuwa ana kai shi shafin da zai ce ya latsa "amince" don tabbatar da cewa shi mutum ne, daga nan wayarsa ta cika da sanarwar talla da damfara.

Kada ka ce shafin telan Briqueterie ya yi ƙanƙanta da a kula shi. Ba mutum ne ke zaune yana zaɓe ba. Manhajoji ne ke bin shafuka dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress aka gina su, kuma yawancinku da shi kuke aiki. Da zarar an gano rauni a wani fulogin da mutane da yawa suka liƙa, duk mai shi ya shiga layi, ko yana Landan ko yana nan Yaounde. A 2023 Sucuri ya ƙiyasta cewa wani gungun kutse mai suna Balada Injector ya kama shafukan WordPress sama da miliyan ɗaya tun daga 2017. Abin da suke so a wurinka shi ne baƙinka da kuma amincin da Google ya ba sunanka.

Mu 'yan Kamaru mun san abin da karkatar da mutane ke yi wa suna. Adireshin ƙasarmu .cm ne, harafi ɗaya ya raba shi da .com. A 2006 aka saita shi ta yadda duk wanda ya yi kuskure ya bar harafin "o", ya faɗa kan sunan da ba a yi wa rajista ba, sai a kai shi shafin talla. A 2007 mujallar Business 2.0 ta Amurka ta ba da labarin ɗan kasuwar Kanada Kevin Ham da shafinsa Agoga, inda ake tara waɗannan ɓatattun baƙi. Zuwa 2009 kamfanin McAfee ya sa .cm a sahun farko na adireshin da ya fi hatsari a duniya. Wancan ba kutse ba ne, amma sakamakon ɗaya ne: mutum ya nufi wani wuri an kai shi wani, sunan ƙasa kuma ya ɗauki tabo. Yau hukumar ANTIC ke kula da .cm, kuma kowane shafi mai tsabta da kuka gina a ƙarƙashinsa gyaran suna ne gare mu baki ɗaya.

To, idan ƙorafi ya zo, ka fara da sauraro. Ka nemi wanda abin ya faru da shi, ka tambaye shi cikin ladabi: "Hajiya, ta ina kika shiga? A Google kika nema, ko a WhatsApp aka turo miki? Da wace waya? Nan take ya tafi, ko sai da kika taɓa wani abu? Kin tuna sunan inda ya kai ki?" In akwai hoton allon wayar, ka karɓa. Waɗannan amsoshi su ne rabin binciken, domin su za su gaya maka sharuɗɗan da aka gindaya.

Sannan ka maimaita tafiyarta daidai. Ka fita daga shafin a matsayin mai gudanarwa. Ka ɗauki wayar da ba ka taɓa aiki da ita a kansa ba, ka kashe wayfai ɗin da ka saba ka kunna datar MTN ko Orange don lambar IP ɗinka ta canza. Ka buɗe tagar sirri ta burauza, wadda ba ta riƙe kuki bayan an rufe ta. Ka nemi sunan shagon a Google, ka latsa daga can. Ka gwada daga Facebook. Ka jira 'yan daƙiƙu, ka taɓa allon, domin wani umarnin ba ya motsi sai an taɓa. Duk gwaji ɗaya ka rufe tagar ka buɗe sabuwa. In abin ya faru, kada ka latsa komai a inda aka kai ka, ka dai rubuta adireshin. Ka kuma rubuta site: haɗe da sunan shafinka a Google ka ga shafukan da ya sani. Idan ka ga tallar magunguna ko rubutun Japananci a ƙarƙashin sunan Alhaji, magana ta ƙare, an shiga.

Gaskiya ne wani lokaci laifin na wayar baƙon ne, ta kwashi muguwar manhaja. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: in wayar ce, wasu shafukan ma za su riƙa kai ta wani wuri. In kuwa mutum biyu da wayoyi daban sun faɗi abu ɗaya kan shafinka kaɗai, ka daina neman uzuri. Ka saka adireshin a Sucuri SiteCheck da VirusTotal da urlscan.io, ka duba sashen matsalolin tsaro a Google Search Console. Amma ka sani, waɗannan daga waje suke leƙe, ana iya ɓoye musu kamar yadda aka ɓoye maka. In sun ce akwai cuta, ka ɗauki maganar da muhimmanci. In sun ce babu, ka ci gaba da bincike.

Da ka ga abin da idonka, sai tambaya ta gaba, wadda ke rage wahala fiye da kowace: a wane mataki ake karkatarwar? Wurare uku ne. Na farko sabar da kanta. Manhajar curl za ta nuna maka amsar da sabar ke bayarwa, kuma kana iya sa ta ta yi shigar baƙo: da -e ka ce daga Google ka fito, da -A ka ce kai wayar Android ce. Idan amsar ta zo da lamba 301 ko 302 tare da layin Location mai nuna adireshin da ba ka sani ba, to tun kafin a miƙa shafin aka juya baƙon, sai ka nufi fayilolin sabar. Na biyu cikin shafin. Idan amsar 200 ce, shafin ya buɗe sannan ya zame, to umarnin JavaScript ne ke aiki a burauzar baƙo, kuma curl ba ta gudanar da shi. A nan ka latsa F12 a kwamfuta, ka buɗe sashen Network, ka kunna zaɓin da ke hana jerin gogewa idan shafi ya canza, ka bi layi-layi ka ga wane fayil ne ya fara kiran baƙon adireshi. Na uku, tun kafin a iso sabarka. Ka shiga asusun da ka yi rajistar sunan shafin, ka duba bayanan DNS ko har yanzu sabarka suke nunawa. In an sauya su, ko ka kwana kana tonon fayiloli ba za ka ga komai ba, domin satar a asusun rajista aka yi ta.

Kafin ka goge ko harafi ɗaya, ka ɗauki kwafin shafin duka yadda yake da cutarsa, fayiloli da rumbun bayanai da rajistar shige da fice ta sabar, ka ajiye gefe. Shi ne shaidarka, shi ne kuma abin komawa in ka goge abin da bai kamata ba. In shafin na karɓar kuɗi ko bayanan mutane, kamar fasfo ɗin maniyyata, ka rufe shi na ɗan lokaci.

A cikin fayiloli, ka fara da .htaccess, kuma ba na babban fulda kaɗai ba, kowace fulda na iya samun nata. Ka nemi layukan da ke ambaton HTTP_REFERER ko HTTP_USER_AGENT tare da sunayen google, bing, android ko iphone. Ka gangara har ƙarshe, ka kuma ja zuwa dama, domin sukan tura umarnin bayan ɗaruruwan layuka ko gurabe marasa rubutu. Sai index.php da wp-config.php, sai functions.php da header.php da footer.php na kwalliyar shafin. Alamar da za ka nema ita ce dogon rubutu marar ma'ana tare da kalmomi irin su eval, base64_decode da gzinflate, ko kuma atob da fromCharCode a fayilolin JavaScript. Wasu fulogin na gaskiya ma suna amfani da su, don haka ka kwatanta da kwafin asali kafin ka yanke hukunci. Umarnin wp core verify-checksums zai gaya maka duk fayil na ainihin WordPress da aka taɓa. Fuldar uploads ta hotuna da takardu ce, fayil ɗin PHP da ka gani a ciki abin tuhuma ne. Ka leƙa mu-plugins, inda duk abin da aka saka yake aiki ba tare da an kunna shi ba. Ka ƙirga fuldodin da ke cikin plugins ka gwada da jerin da allon gudanarwa ke nuna maka, domin akwai masu ɓoye kansu daga jerin. Ranar da aka taɓa fayil na taimakawa, sai dai ana iya ƙirƙirar ta.

Da yawa sukan tsaya a nan su ce fayiloli tsaf suke, alhali cutar na kwance a rumbun bayanai. Ka buɗe phpMyAdmin. A teburin wp_options ka tabbatar siteurl da home adireshinka ne. Ka nemi kalmar script a wannan teburi da kuma wp_posts. Sign1 ɗin da na ambata a irin waɗannan wurare take zama, cikin akwatunan HTML na gefen shafi da wani fulogin na halal da ake saka ƙarin umarni da shi, shi ya sa mai binciken fayiloli kaɗai ba ya ganinta. Sannan ka buɗe wp_users ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Mai gudanarwar da ba kai ka ƙirƙira ba, ko da allon gudanarwa bai nuna shi ba, a nan zai fito.

Akwai kuma lokacin da ba wanda ya shiga sabarka sam. A watan Fabrairun 2024 wani kamfani mai suna Funnull ya sayi adireshin polyfill.io, inda shafuka sama da 100,000 ke ɗauko wani ɗan umarni da ke taimaka wa tsofaffin burauza. A watan Yuni kamfanin tsaro na Sansec ya gano an sauya umarnin yana kai masu waya shafukan caca, yana kuma kauce wa masu gudanarwa. Masu waɗannan shafuka ba su yi sakaci da kalmar sirri ba, sun dai jingina da abin wani. Don haka ka lissafa duk abin da shafinka ke ɗaukowa daga waje, talla ne, ma'aunin baƙi ne, ko asusun Google Tag Manager, ka cire su ɗaya-ɗaya kana gwadawa. Wanda ba ka san amfaninsa ba, ka rabu da shi.

Yanzu ga inda ake gane ƙwararre. Goge umarnin karkatarwa abu ne mai sauƙi, amma in ka tsaya nan ka kashe maciji ba ka sare kansa ba. Mai kutse kan bar ƙofofin baya fiye da ɗaya, wani lokaci har da aikin cron da ke sake dasa cutar a kan lokaci. Dole ka gano ta ina aka shigo. Ka buɗe rajistar shige da fice, ka nemi buƙatun POST da aka aika wa fayiloli masu baƙin suna a kwanakin da abin ya fara. Ka duba wane fulogin ne ya daɗe ba a sabunta ba. Ka tambayi kanka wa da wa ke da kalmar sirrin, kuma ko ka taɓa shiga daga kwamfutar shagon intanet ko ka tura ta a WhatsApp.

Abubuwa biyu zan faɗa muku kai tsaye domin na san suna cikin sana'ar. Na ɗaya, kwalliyar shafi da fulogin na kuɗi da ake saukewa kyauta bayan an fasa su. A 2019 kamfanin Wordfence ya nuna cewa cutar WP-VCD, wadda ta yi yawa a lokacin, ta wannan hanya take yaɗuwa: mai gina shafin ne ke dasa ta da hannunsa. Araha ba ta ado. Ka gaya wa Alhaji kuɗin lasisi ya biya, ko ka yi aiki da na kyauta na halal daga rumbun WordPress. Na biyu, tara shafukan mutane goma a asusun masauki ɗaya don rage kuɗi. In ɗaya ya kamu, sauran ma na iya kamuwa, kuma in ka wanke ɗaya maƙwabcinsa zai sake shafa masa. Ko dai ka raba su, ko ka duba su duka rana ɗaya.

Wajen gyara, ka sauke WordPress da kowane fulogin sabo daga tushensa ka maye gurbin tsofaffin, maimakon tsintar layuka da hannu. In za ka dawo da kwafin ajiya, ka tabbatar ya girmi kutsen, sannan ka toshe raunin nan take. Ka canza kalmar sirri ta masauki da FTP da rumbun bayanai da imel da asusun rajistar suna da ta kowane mai gudanarwa. Ka sabunta makullan sirri da ke cikin wp-config.php don duk wanda ke ciki a fitar da shi. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu. Ka share ma'ajin wucin gadi, ka sake gwajin baƙo daga farko. In Google ya riga ya sa jan gargaɗi a shafin, ka nemi ya sake dubawa ta Search Console, ka bayyana abin da ka samu da abin da ka yi. Bayan haka ka ci gaba da sa ido na wasu makonni.

Saura magana ta amana, wadda ta fi duk abin da ya gabata nauyi. Za ka ji kamar ka gyara a ɓoye ka yi shiru don kada a ce aikinka ne bai yi kyau ba. Kada ka yi. Ka je ka zauna da mai shafin ka ce, "Alhaji, Hajiya ta yi gaskiya. An shiga shafin, ga ta inda aka shiga, ga abin da na yi, ga abin da ya rage." Ku sanar da abokan ciniki cewa duk wanda aka kai wani shafi ya saka lambar sirrin Mobile Money ko Orange Money ya canza ta yau, wanda ya latsa "amince" kuma ya kashe sanarwar a burauzarsa. Mutanen nan sun latsa ne don sun yarda da sunan maƙwabcinsu, haƙƙinsu ne su sani. In an yi asarar kuɗi ko an kwashi bayanan mutane, ku kai rahoto ga ANTIC, wadda ke da cibiyar karɓar irin waɗannan koke-koke, ku tafi da kwafin nan da kuka ajiye.

Wanda ya iya gano wannan ɓarna ya iya aikata ta, kuma wata rana wani zai zo muku da tayin kuɗi don ku dasa ɗan layi a shafukan da ke hannunku. Dokar ƙasa mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disamba 2010 ta tanadi ɗauri da tara kan kutse, amma tun kafin doka kun san hukuncin cin amana da tura yaran mutane gidan caca da batsa. Ku bar wannan kuɗi, babu albarka a cikinsa.

Abin da nake roƙonku ƙanƙane ne. Kowane mako ku ware lokaci, ku ari wayar wani, ku nemi shafukan da kuka gina a Google, ku shiga kamar ba ku taɓa ganinsu ba. Ku sabunta abin da ke buƙatar sabuntawa, ku ajiye kwafi a wurin da ba sabar ba, ku koya wa na ƙasa da ku yadda ake yi. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya sa ku zama waɗanda ake ba amana a kwana da kwanciyar hankali, ya tsare ku da waɗanda suka dogara da ku daga sharrin azzalumai. Amin.